Yadda Matasan Ikilisiya a Gombe Za Su Shirya Gayyar Kwashe Shara, Sannan Su Shirya Tafiyar Bishara Ƙasar Waje

Kusan kowace shekara, da zarar an gama hidimar Kirsimeti da ta sabuwar shekara, sai matasa su fara tambayata yadda mutum zai samu shiga tawagar masu tafiya aikin bishara wata ƙasa. Ina jin daɗin wannan tambaya, domin mu mutanen wannan yanki mun san darajar wanda ya bar gidansu saboda wasu. A shekarar 1893 samari uku, Walter Gowans da Rowland Bingham da Thomas Kent, suka sauka Legas da niyyar shigowa ƙasar Sudan ta wancan zamani, wato yankin nan namu na kudu da hamadar Sahara, biyu daga cikinsu kuma suka rasu a 1894 tun aikin bai kafu ba. Mishan ɗin SIM, wato Sudan Interior Mission, da ya fito daga wannan yunƙuri shi ne ya iso Kaltungo a 1917, kuma tun 1948 masu bi 'yan ƙasa suka kafa ƙungiyarsu ta aika masu bishara, wadda a yau muka sani da EMS ta ikilisiyar ECWA. Saboda haka sha'awar tafiya gado ce a wurinmu. Sai dai amsar da nake fara ba kowane matashi ita ce ya je ya leƙa kwatar da ta bi ta ƙofar majami'arsu, domin a nan ake gane wanda zai iya jure rana da wari da aikin da ba mai yi masa tafi, kuma daga cikin irin waɗannan ne ya kamata ikilisiya ta zaɓi waɗanda za ta aika.

Gayyar shara: abin da ake yi tun kafin ranar

Matakin farko shi ne zaɓen wuri, kuma a nan ne yawancin ƙungiyoyi suke tuntuɓe saboda son yin abin da ya fi ƙarfinsu. Ku ɗauki layi ɗaya, ko kwata ɗaya daga wannan kwana zuwa wancan, wadda mutum ashirin za su iya gamawa cikin awa uku. Ku fita ku biyu ko uku ku taka wurin da ƙafa tun da makonni biyu, ku ga inda ruwa yake tsayawa, ku ga inda ake jibge bola, ku lura da gidajen da bututun wankansu yake zuba a layin. Garin Gombe a cikin kwari yake zaune, ruwa yana gangarowa daga tudun yamma ya ratsa unguwanni, shi ya sa ledar da aka yar a sama takan zo ta toshe kwalbati a ƙasa, kuma duk wanda ya ga ambaliyar 2004 ya san abin da ruwa yake yi wa garin nan idan ya rasa hanya. Don haka idan kwata za ku yashe, ku fara daga inda ruwan yake fita, ku yi sama da aikin, kada ku buɗe sama ku bar ƙasa a toshe.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne watan Afrilu ko farkon Mayu, kafin damina ta kankama, lokacin da laka ta bushe ta yi sauƙin ɗauka. Idan an shiga Yuli da Agusta aikin yakan ninka, ga haɗarin ruwa ya sauko muku ana tsakiyar aiki. Game da rana kuwa, Asabar ta fi kowace, musamman Asabar ɗin ƙarshen wata da aka saba warewa domin tsaftar muhalli, saboda mutane suna gida kuma motocin kwashe shara sun fi fitowa. Ku kauce wa Juma'a da Lahadi, ku kuma duba ko akwai biki ko zaman makoki a layin.

Bayan kun tsayar da wuri, sai ku sanar da fasto da dattawan ikilisiya, ku nemi a ba ku dattijo ɗaya ya raka ku wurin mai unguwa. Wannan ziyara ita ce ginshiƙin aikin gaba ɗaya, kuma bai kamata a yi ta ta waya ba. Ku je da yamma bayan la'asar, ku cire takalmi, ku gaisa yadda ya kamata, dattijon ya yi magana: "Ranka ya daɗe, yaran nan ne suke so su yashe kwatar layin nan kafin ruwa ya sauka, muka ce ba za su taɓa ko tsinke ba sai da izininka." Na taɓa ganin yadda irin wannan magana ta sa wani mai unguwa ya aika a kira masa shugaban matasan layin nan take, ya ce masa, "Ga 'yan'uwanku sun zo da abin alheri, ranar Asabar ina so in ga kowa da sheburinsa." Ku roƙe shi ya sanar da limamin masallacin unguwa, domin sanarwa ɗaya bayan sallar asuba ta fi takardun gayyata ɗari. A unguwanni irin su Bolari ko Tumfure ko Federal Low Cost, inda Kirista da Musulmi suke shan ruwan rijiya ɗaya, kwatar ta kowa ce, sauron da yake ƙyanƙyashewa a cikinta kuma ba ya tambayar gidan wa zai shiga. Ina ba da shawara da babbar murya cewa kada a mai da ranar gayya ranar wa'azi ko rabon takardu. Kun gaya wa mai unguwa shara kuka zo kwashewa, to ku tsaya a kan abin da kuka faɗa, domin amanar da za ta sa a sake buɗe muku ƙofa ke nan.

Sai batun inda sharar za ta, wanda shi ne ya fi muhimmanci, kuma shi ne aka fi mantawa. A gayyarmu ta farko mun yashe kwata mai tsawo, muka jera tarin laka da leda a bakin hanya, muna dogara da alkawarin wani mai mota da ya ce zai zo da azahar. Bai zo ba ranar, bai zo ba washegari, a dare na uku kuwa aka yi ruwa, duk abin da muka fitar ya koma inda ya fito, har wani ya shiga zauren wata tsohuwa da ke ƙasan layin. Na je ba ta haƙuri, ta ce mini, "Ɗana, da kun bar mini ita yadda take." Wannan magana ba ta bar raina ba har yau. Saboda haka ku rubuta wa hukumar tsaftar muhalli ta jiha, GOSEPA, takarda tun da wuri, ku faɗi rana da layi da ƙiyasin yawan sharar, ku kai da hannu, ku karɓi shaidar an karɓa, ku koma ku tuna musu saura kwana biyu. Ku kuma tanadi hanya ta biyu, wato kuɗin hayar tifa ko a-kori-kura a hannun ma'aji, tare da sanin jujin da hukuma ta amince a zuba. Idan ba ku da tabbacin mota, ku ɗage gayyar.

Kayan aiki ba sai an saya duka ba. Shebur da manjagara da diga da baro akwai su a gidajen membobi da wurin magina, sai dai a rubuta sunan mai kowane abu a littafi domin a mayar masa. Abin da ya wajaba a saya shi ne safar hannu mai kauri, da takunkumin rufe hanci, da buhuna, da sabulu, da akwatin agajin gaggawa mai auduga da bandeji da maganin wanke ciwo. Duk wanda zai shiga cikin kwata sai da takalmin roba mai rufe ƙafa har ƙwauri, ba a yarda da silifa ba ko da mutum ya rantse ya saba, domin a cikin lakar akwai fasassun kwalabe da reza da ƙusa da alluran da aka yi amfani da su. Idan akwai nas ko ma'aikacin lafiya a ikilisiya, a roƙe shi ya kasance a wurin. Zumuntar Mata kuwa, idan aka sanar da su da wuri aka kuma ba su kuɗin cefane, su ne za su riƙe ɓangaren ruwan sha da kunu, amma kada a ɗauka aikinsu ya tsaya a tukunya, domin su suka fi kowa sanin gidan da yake zuba shara a kwata da dare.

Ranar aikin

Ku hallara da ƙarfe shida na safe, a yi gajeriyar addu'a a harabar majami'a kafin a fito, a fara aiki kafin bakwai, domin zafin Afrilu a Gombe ba ya ɗaga wa kowa ƙafa bayan ƙarfe goma. Ku raba mutane gida huɗu: masu shebur a cikin kwata, masu baro, masu tsince leda da shara a kan hanya, da mutum biyu masu tsayawa a bakin titi suna yi wa 'yan acaba da masu Keke Napep alama. Masu shebur su riƙa canji duk bayan rabin awa. Yara 'yan ƙasa da shekara goma sha biyar su tsaya ga tsintar leda da safar hannu, a gaban idon babba, kada su kusanci kwalbati.

Ku ware shara tun a wurin tsinta. Robobin ruwa da na lemo da gwangwani da ƙarafa su shiga buhunansu dabam, domin 'yan jari-bola suna saye ko su kwashe da murna, kuma ya kamata ku gayyace su tun farko a matsayin abokan aiki, ku gaishe su da mutunci. Kwalba da allura da reza a zuba su cikin jarka mai murfi, kada a sa su a buhu inda za su huda hannun mai ɗauka. Ledar ruwan sha da baƙar leda, waɗanda su ne mafi yawan abin da za ku fitar, su tafi juji. Kada ku ƙona su, ko da wani ya ce hakan ya fi sauri, saboda hayaƙin roba guba ne ga ƙirji, mai asma da jariri da tsoho su ne za su fara shaƙarsa, iska kuma tana iya kai wutar ga dangar wani ko shagon mai sayar da fetur.

Wanda ya yanke, a wanke ciwon da ruwa mai tsabta da sabulu nan take, a ɗaure, a kai shi asibiti a duba ko yana bukatar allurar tetanas, kada a ce ƙaramin ciwo ne. Kowa ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa kofin kunu, domin ruwan kwata hanyar amai da gudawa ce. Ba a tashi sai motar ta kwashe tarin ƙarshe an share gurbinsa. Daga nan ku koma wurin mai unguwa ku yi godiya, ku roƙe shi ya sa ido a kan masu mayar da shara, ku kuma sa ranar dawowa tun a gabansa, domin kwatar da aka yashe sau ɗaya aka manta da ita ba ta kai wata uku ba ta sake cika. Magatakarda ya rubuta sunan duk wanda ya zo, da lokacin da ya zo, da ko ya tsaya har ƙarshe. Wannan littafi zai yi amfani nan gaba.

Shirin tafiya ƙasar waje

Idan an yi gayya uku ko huɗu a jere, littafin magatakarda zai nuna wa dattawa waɗanda za a iya aikawa, kuma zai rage gunagunin cewa an zaɓi ɗan wane. Tawaga ta mutum shida zuwa goma ta isa, a samu maza da mata, da babba ɗaya mai hankali wanda kowa yake jin maganarsa, da wanda ya iya lissafin kuɗi, da wanda yake jin Faransanci idan ƙasar ta masu Faransanci ce.

Abu na farko a nan shi ne gayyata. Ba a tashi haka kawai a ce za mu Nijar ko Chadi ko Kamaru ko Ghana. Sai an sami ikilisiya ko mai bishara da yake zaune a can wanda ya ce ku zo, ya kuma faɗi abin da yake bukata, sannan a bi ta hannun shugabannin ɗarikarku, ko ofishin EMS a Jos idan ku 'yan ECWA ne, ko sashen mishan na COCIN ko Baptist ko wadda kuke ciki, su tabbatar da mutumin da wurin. Ku rubuta masa ku tambaye shi dalla-dalla: wane aiki ne yake jiran hannu, wane wata ne ya fi masa sauƙi, mutum nawa zai iya saukarwa, me dokar ƙasar da al'adar garin suka hana baƙo. Amsarsa ce za ta zama tsarin tafiyarku. Idan ya ce rufin aji yake so a gyara, kada ku tafi da shirin taron farfaɗowa na kwana bakwai saboda shi kuka fi sha'awa. Shi zai ci gaba da zama da mutanen garin bayan kun tafi, duk abin da kuka ɓata kuma a kansa zai faɗa.

Dole in yi gargaɗi game da sanarwar da ake turowa ta Facebook da WhatsApp, wadda take alkawarin kai matasa aikin mishan Turai ko Amurka idan sun biya kuɗin fom. Masu safarar mutane da 'yan damfara sun iya amfani da sunan Allah. Duk tayin da bai biyo ta hannun ikilisiyarku ba, ko aka ce a ɓoye wa iyaye, ko aka ce a miƙa fasfo ga wani ya riƙe, ku kai shi ga fasto, idan ya cancanta a sanar da hukumar NAPTIP, wadda aka kafa a 2003 domin yaƙi da safarar mutane.

Takardu suna cin lokaci, don haka a fara su da wata shida. Kowa yana bukatar lambar NIN kafin ya nemi fasfo a hukumar shige da fice, kuma sunan da ranar haihuwar da ke kan NIN su yi daidai da na sauran takardunsa, domin bambancin harafi ɗaya yana iya tsayar da mutum makonni. Mai tsohon fasfo ya duba ya ga saura masa aƙalla wata shida bayan ranar dawowa. Sai katin rigakafin cutar shawara, wanda ake tambaya a kan iyakoki da filayen jirgi: allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10 da yin ta, kuma sau ɗaya ta isa har tsawon rai, amma a yi allurar da gaske, kada a sayi kati a bayan fage. Idan tafiyar ta faɗo lokacin zafi ce zuwa ƙasashen Sahel, a nemi shawarar likita game da rigakafin sanƙarau, kowa kuma ya tafi da gidan sauronsa. Game da izinin shiga, ku tuna cewa Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a watan Janairun 2025, Chadi da Kamaru kuwa dama ba sa cikinta, saboda haka ku tambayi ofishin jakadancin ƙasar a Abuja abin da ake bukata a wannan lokaci, ku kuma riƙe wasiƙar gayyata da ta ikilisiyarku a hannu. Batun tsaron hanya kuma mai masaukinku da shugabannin ɗarika ne za su yanke, idan sun ce a dakata, a dakata.

Kuɗi shi ne inda zumunci yakan lalace. Ku zauna ku rubuta komai: mota ko jirgi, abinci, masauki, kayan aikin da za a yi, magani, da wani kaso na ko-ta-kwana wanda ba a taɓawa sai dole. Ƙa'idar da ba na sassautawa a kanta ita ce kada tawaga ta ci daga tukunyar mai bishara ba tare da ta zuba ba. Yawancinsu abin da suke samu bai kai ya riƙe iyalinsu ba, amma kunya da karamci za su sa matarsa ta yanka kazarta ta ƙarshe ta ce babu komai. Ku ba da kuɗin abinci tun ranar isowa, a keɓe, ta hannun babban tawaga. Wajen tarawa, kowane matafiyi ya kawo nasa kason daga guminsa, sannan a nemi baiko na musamman a sujada, a rubuta kowace gudummawa, mutum biyu su sa hannu kafin a fitar da ko sisi. Kafin a kammala, ku yi wa kanku tambaya ta gaskiya: idan kuɗin motar mutum goma zai iya biyan magina na garin su yi aikin har a samu ragi, wataƙila mutum huɗu ne ya kamata su tafi, sauran kuɗin a aika. Wajen canji kuma a lura cewa sefar Nijar da Benin dabam take da sefar Chadi da Kamaru, ko da yake sunansu ɗaya.

Makonnin ƙarshe na horo ne. A riƙa haɗuwa sau ɗaya a mako ana addu'a, ana koyon gaisuwar mutanen wurin da abin da suke ɗauka rashin kunya a sutura da magana. Hausa za ta kai ku nesa a Maraɗi da Damagaram da Galmi, inda asibitin SIM yake aiki tun 1950, haka ma a zangon Kumasi ko Tamale a Ghana, amma jin harshe bai sa kun zama 'yan gari ba, kuma bai ba ku izinin gyara wa mutane yadda suke sujada ba. Kada a ɗauki magunguna da niyyar rabawa idan babu ma'aikacin lafiya mai lasisi da izinin hukumar can, kada kuma kowa ya karɓi saƙon da bai buɗe ya gani ba. Idan kun isa, ku fara da gaishe da sarkin gari ko mai unguwa tare da mai masaukinku, kamar yadda kuka yi a gida. Kada a ɗauki hoton yaro ko majiyyaci ko gidan wani ba da izini ba, kada a sa sunan sabon mai bi ko hotonsa a intanet, domin abin da yake labari mai daɗi a wurinku yana iya jawo masa kora daga gida. Kada wani ya yi alkawarin kuɗin makaranta ko waya ko dawowa baɗi da bakinsa. Duk roƙon da aka kawo a miƙa shi ga babban tawaga da mai masauki.

Cikin mako biyu da dawowa, ma'aji ya karanta lissafin kuɗi a gaban ikilisiya tare da rasit, abin da ya rage a mayar ko a aika wa wurin da aka je aikin bisa shawarar dattawa. A rubuta wa mai masauki wasiƙar godiya, a tambaye shi a fili abin da tawagar ta yi wanda ya ba shi wahala, a ajiye amsarsa domin tawaga ta gaba. Duk wanda ya ji zazzaɓi bayan dawowa ya je a gwada jininsa, ya gaya wa likita ƙasar da ya je. Sannan magatakarda ya buɗe littafin gayya ya sanar da Asabar ɗin da za a koma layin da aka yi wa mai unguwa alkawari, a sa sunayen waɗanda suka dawo daga tafiya a rukunin masu shebur.